Rumfa Ɗaya Ko Rumfuna Ɗari: Tarihin Dillalan Intanet Da Marubutan Da Suka Yi Musu Ƙwadago

 

Akwai wata shawara da ke yawan zagayowa a tsakaninmu duk lokacin da aka tayar da maganar yadda rubutu zai ciyar da mai shi. Sai ka ji an ce da matashi: buɗe shafukan intanet da yawa, wannan na girke-girke, wannan na wayoyi, wancan na labaran ƙwallo, ka cika su da talla, idan wannan bai kawo ba wancan zai kawo. Wasu daga cikinmu har sun biya kuɗin koyon wannan dabara. To, shawarar ta girmi da yawa daga cikin masu bayar da ita. An gwada ta a Amurka da Ingila sama da shekara ashirin, da maƙudan kuɗi da dubban marubuta, kuma an san yadda ta kaya. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin daga farko, don wanda zai zuba shekarunsa a wannan hanya ya san sawun waɗanda suka riga shi.

Sana'ar da ake magana a kai dillanci ce, ba wani abu ba. Mai kaya yana can, mai saye yana nan, kai kuma ka haɗa su ka karɓi la'ada. A intanet, mai shafi yakan sa mahaɗi, wato abin nan da muke latsawa ya kai mu wani shafin, a jikin mahaɗin kuma akwai lambarsa. Idan mai karatu ya latsa ya je ya yi sayayya, kantin zai gane ta hannun wa ya zo, sai ya ware wa mai shafin wani kaso. Wani kantin sayar da faya-fayen waƙa mai suna CDNow ya fara irin wannan tsari tun 1994, amma wanda ya yaɗa shi a duniya shi ne Amazon, a watan Yulin 1996, lokacin bai fi shekara guda da fara sayar da littattafai ba. Har yau ƙa'idar Amazon ita ce, idan wanda ka turo ya sa kaya a kwandonsa cikin awa 24 kuma ya biya, kana da rabo.

Dillalan farko masu son abu ne kawai. Mutum yana da ɗan shafi a kan kiwon zuma ko tarihin yaƙi, sai ya jera littattafan da ya karanta, ya ce wannan ya fi wancan. Masu shiga shafin sun san shi, sun yarda da bakinsa, la'adar kuma ta ɗan sayen shayi ce.

Google ne ya sauya lissafin. An kafa shi a 1998, kuma cikin 'yan shekaru ya zama ƙofar da yawancin mutane ke bi su shiga intanet. A 2003 ya fito da AdSense, tsarin da ke ba kowane mai shafi damar sa talla a biya shi idan an latsa. A shekarar ce kuma WordPress ya fito, wanda ya sa gina shafi ya zama aikin yini guda. Rajistar sunan shafi ba ta wuce dala 10 ko makamancin haka a shekara ba. Daga nan sai masu wayo suka zauna suka buga lissafi: idan ƙaramin shafi guda zai kawo dala ɗaya a rana, ai guda ɗari za su kawo dala ɗari. Me zai sa mutum ya wahalar da kansa wajen tara masu karatu da za su san shi, alhali Google zai turo masa baƙi kullum kyauta?

Yadda ake yi shi ne, a nemo kalmomin da mutane ke yawan rubutawa a akwatin bincike, misali "katifa mafi kyau ga mai ciwon baya", a yi rajistar shafi da ainihin waɗannan kalmomin a matsayin sunansa, domin a lokacin Google yana fifita irin wannan suna. Sai a ɗauki wani marubuci mai arha, sau da yawa daga Indiya ko Filifin, ya rubuta maƙala biyar ko goma a kan katifar da bai taɓa kwanciya a kanta ba. A zuba mahaɗan Amazon, a wuce zuwa shafi na gaba. Da yake Google yana auna darajar shafi ne da yawan shafukan da ke nuni zuwa gare shi, sai aka riƙa buɗe wasu shafukan na bogi da ba su da aikin komai sai nuna juna. Har kamfanoni aka kafa masu sayar da wannan nunin.

Wanda ya ɗauki wannan tunani ya mai da shi masana'anta shi ne kamfanin Demand Media, kuma a nan ne labarin ya fi shafar mu marubuta. Richard Rosenblatt da Shawn Colo suka kafa shi a 2006 a Santa Monica ta jihar Kalifoniya. Rosenblatt ba baƙo ba ne a harkar, shi ne ya jagoranci kamfanin da ya mallaki MySpace har aka sayar wa News Corp a 2005. Demand ya sayi eHow, ya riƙe Livestrong.com da Cracked da wasu shafukan, har da kamfanin rajistar sunayen shafuka. Abin da ya bambanta shi da gidajen jarida shi ne, ba edita ke zaɓar abin da za a rubuta ba. Kwamfuta ce ke duba abin da mutane ke nema, da nawa masu talla ke biya a kan waɗannan kalmomin, da yawan masu gasa a kansu, sai ta fitar da kanun maƙala tare da ƙiyasin abin da maƙalar za ta kawo tsawon rayuwarta. Marubuci ya shiga ya zaɓi kanu daga cikin dubbai, ya rubuta, a biya shi kamar dala 15. Mai gyara ya karɓi abin da bai kai dala uku ba. Lokacin da mujallar Wired ta yi dogon rahoto a kan kamfanin a 2009, yana fitar da maƙaloli da bidiyo kusan 4,000 a kowace rana.

Mu ɗan tsaya a kan dala 15 ɗin nan. Wanda yake son ya ci ya biya haya da wannan aiki, dole ya rubuta maƙala da yawa a yini. Ke nan babu lokacin kiran masani, babu lokacin buɗe littafi, babu lokacin gwada abin da kake koya wa mutane. Da safe ka koyar da gyaran famfo, da hantsi ka koyar da renon jariri, da azahar ka zama masanin haraji. Akwai ƙwararrun 'yan jarida da suka shiga wannan aiki bayan jaridu sun sallame su a matsin tattalin arzikin 2008, kuma ba mu ganin laifinsu, yunwa ba ta san digiri ba. Amma tsarin bai bar wa kowa damar ya yi aikin da zai so a tuna shi da shi ba. Turawa da kansu suka raɗa wa irin waɗannan wurare suna gonakin rubutu.

A ƙarshen Janairun 2011 Demand Media ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a kan dala 17 kowane hannu. A ranar farko darajarsa ta haura dala biliyan ɗaya da rabi, har ta ɗara ta kamfanin jaridar New York Times, jaridar da ke fitowa tun 1851. Masu sharhi suka ce ga makomar rubutu nan ta iso.

Ba a cika wata guda ba Google ya juya. A ƙarshen Fabrairun 2011 ya sauya tsarin lissafinsa da wani gyara da aka fi sani da Panda, sunan ɗaya daga cikin injiniyoyin da suka yi aikin. Kamfanin ya ce gyaran ya taɓa kusan kashi 12 cikin 100 na binciken da ake yi a Amurka. Abin da ya sa Panda ya yi ɓarna shi ne, ba maƙala ɗaya yake aunawa ba, shafin gaba ɗaya yake yi wa hukunci. Idan shara ta yi yawa a gidanka, har ɗakin da ka share ma ba za a shigo ba. EzineArticles da Suite101 da HubPages suka wayi gari baƙi sun ɗauke ƙafa. Mahalo ya rage ma'aikata cikin 'yan kwanaki. eHow ya tsallake zagayen farko, amma na watan Afrilu ya same shi, kuma kafin shekarar ta ƙare hannun jarin Demand ya faɗi ƙasa da rabin farashin da aka fara sayar da shi. A shekarar 2012 aka biyo da sauran: a watan Maris Google ya goge tarin shafukan bogi na masu sayar da nuni irin su BuildMyRank, a Afrilu gyaran Penguin ya hukunta waɗanda suka saya, a Satumba kuma aka rage fifikon da ake ba shafi saboda sunansa kawai. Mai rumfuna ɗari ya gano cewa duk a layi ɗaya suke, kuma gobara ɗaya ce ta cinye su. Ya ɗauka ya rarraba haɗari, ashe duka ɗarin ƙofa ɗaya baƙinsu ke bi.

Masu kamfanonin dai ba su kwana da yunwa ba. Demand ya sauya suna zuwa Leaf Group a 2016, aka sayar da shi a 2021 a kan dala miliyan ɗari uku da 'yan kai. Marubutan fa? Yahoo ya sayi wata gonar rubutu mai suna Associated Content a 2010, ya rufe ta a 2014, aka sauke rubuce-rubucen. Wanda ya shekara huɗu yana zubawa a can ya tashi babu shafin da zai nuna, babu mai karatu ko ɗaya da ya riƙe sunansa. Wanda ya karanta yadda ake cire tabon shayi daga riga ba ya tambayar wa ya rubuta.

A daidai shekarar da Panda ya sauka, wani ɗan jarida mai suna Brian Lam ya bi hanyar da kowa ke gani ta wauta ce. Shi ne editan Gizmodo, shafin labaran na'urori da ke fitar da rubutu da dama a kowace rana, kuma yana kan kujerar a 2010 lokacin da shafin ya samu samfurin iPhone 4 da wani ma'aikacin Apple ya manta a mashaya, rigimar da ta kai Steve Jobs da kansa ya kira shi a waya. Lam ya gaji da tseren, ya ajiye aikin, ya buɗe shafi guda mai suna Wirecutter a 2011, ya koma zama a Hawaii. Dillanci ne shi ma, da mahaɗan Amazon iri ɗaya da na masu rumfuna ɗari. Bambancin yana cikin aikin. Maimakon jera kaya ashirin a bar mai karatu cikin ruɗani, maƙalar Wirecutter takan ce: ga wanda ya kamata yawancin mutane su saya, ga dalili, ga waɗanda muka gwada muka ƙi da abin da ya sa. Maƙala ɗaya takan ci awanni da dama na bincike da gwaji da tambayar masana. A wata guda ba a fitar da sababbi da suka wuce a ƙirga da yatsu. Idan sabon kaya ya fito, ba a rubuta wata maƙalar, tsohuwar ake komawa a gyara, don haka shafi ɗaya yana iya shekara biyar yana ƙara nauyi.

Akwai wata hikima a tsarin la'adar da Lam ya gane, wadda masu gaggawa suka tsallake. Idan mai saye ya mayar da kayan saboda bai ji daɗinsu ba, la'adar dillali ta tafi. Idan kuma ya ji daɗi, gobe da zai sayi tukunya ko fitila ba zai tambayi Google ba, sunan shafin zai rubuta kai tsaye. Duk wanda ya taɓa sayen rago ta hannun dillali ya san wannan: wanda ya haɗa ka da mai lafiya bara, shi kake nema bana, ko da akwai dillalai hamsin a bakin kara suna kiran ka. A 2015 kayan da aka saya ta hannun shafin sun kai na dala miliyan 150. A watan Oktoban 2016 New York Times, jaridar nan da aka ce gonar rubutu ta fi ta daraja, ta sayi Wirecutter a kan kimanin dala miliyan 30.

Wani ɗan abu da ake mantawa: Lam ma ya taɓa buɗe shafi na biyu, The Sweethome, na kayan gida, a 2013. Aiki iri ɗaya, inganci iri ɗaya. Duk da haka a 2017 aka narkar da shi cikin Wirecutter, domin raba suna biyu yana raba amanar da aka sha wuya aka tara.

A Ingila ma an ga irin haka tun kafin nan. Martin Lewis, ɗan jarida mai rahoton harkokin kuɗi, ya buɗe MoneySavingExpert a 2003 da kuɗin da bai wuce fam 100 ba. Ya fara ne da saƙon imel da yake tura wa abokai na dabarun rage kashe kuɗi. Ƙa'idarsa ita ce a fara rubuta gaskiyar abin da ya fi arha, daga baya a duba ko akwai la'ada a kai, kuma duk mahaɗin da ke kawo wa shafin kuɗi a sa masa alamar tauraro mai karatu ya gani. A 2012 ya sayar da shafin a kan kuɗin da ya kai fam miliyan 87, bisa sharaɗin a ci gaba da bin ƙa'idar editancinsa. Saƙon imel ɗin nan na mako-mako shi ne ƙashin bayan abin, miliyoyin mutane ke karɓar sa, kuma babu gyaran Google da zai hana shi isa gare su.

Kada mu mai da labarin tatsuniya, inda mai haƙuri kullum ke auren 'yar sarki. A watan Afrilun 2020, ana tsakiyar kullen korona, Amazon ya zaftare la'ada da sanarwar mako guda: ta kayan ɗaki daga kashi 8 zuwa 3, ta kayan abinci daga kashi 5 zuwa 1. Mai shafi ɗaya da mai shafi ɗari duk sun ji a jikinsu. Ita kanta New York Times ba ta tsaya ga la'ada kaɗai ba, a 2021 ta sa Wirecutter cikin abubuwan da ake biyan kuɗi a karanta. Sannan gyare-gyaren Google na 2023 da 2024, waɗanda aka ce an yi su ne don fifita rubutu mai amfani, sun haɗa da masu gaskiya. HouseFresh, wani ƙaramin shafi da ke sayen na'urorin tace iska da kuɗinsa yana gwadawa, ya bayyana a 2024 cewa ya rasa kusan kashi 90 cikin 100 na baƙin da Google ke turo masa, yayin da manyan mujallu da ba su nuna shaidar gwaji ba suka hau samansa. Shafi ɗaya mai kyau wanda har yanzu ta ƙofar Google kaɗai ake shigarsa, shi ma ɗan haya ne.

Akwai ma labarin da ya bi ta bayan wannan. About.com tsohon shafi ne guda ɗaya da ya ƙunshi komai, daga ciwon suga zuwa yawon buɗe ido. New York Times ta saye shi dala miliyan 410 a 2005, ta sayar dala miliyan 300 a 2012. Sababbin masu shi suka ga ba wanda zai yarda da shawarar likita daga wurin da ke koyar da saƙa, sai suka farfasa shi: Verywell na lafiya, The Spruce na gida, The Balance na kuɗi, da sauransu, suka sauya wa kamfanin suna zuwa Dotdash a 2017. Abin ya yi kyau har a 2021 suka sayi kamfanin mujallu na Meredith a kan dala biliyan 2.7. Masu son shafuka da yawa sukan kafa hujja da wannan. Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan shafukan yana da editocinsa da masu bitarsa da kasafinsa, kuma kafin a raba sai da aka zubar da tarin tsofaffin maƙaloli marasa amfani aka rage talla. Kamfani mai ɗaruruwan ma'aikata yana iya riƙe gida shida. Mu da muke rubutu da waya bayan sallar isha, ana ɗauke wuta ana kawowa, awa biyu muke da su a yini, kuma taura biyu ba ta taunuwa balle shida.

Mun san yawancinmu ba katifa muke tallatawa ba, labari muke rubutawa. Amma ku dubi yadda muke baza kanmu. Marubuciya ɗaya tana da zauren WhatsApp uku, shafin Facebook biyu, wani littafin a Wattpad da ta tsaya a babi na tara, wani a Telegram da wani sunan alƙalami dabam, ga wani shafin da ta buɗe don talla ta manta kalmar sirrinsa. Mai karatun da ya ji daɗin littafinta na farko ya zo neman na biyu, bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, sai ya faɗa hannun masu kwafe littattafan mutane suna zubawa a shafukansu don talla. Waɗannan ɗin su ne gonakin rubutunmu, da bambanci ɗaya: Demand Media ko ba komai a zamaninsa yana biyan dala 15.

Kuma mun ga ƙarshen gidan haya da idonmu. OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai na Najeriya da aka kafa a 2013, wanda marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu a ciki, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Waɗanda masu karatunsu suka san inda za su same su, da suna ɗaya da wuri ɗaya, sun kwashe kayansu sun ci gaba da ciniki a wani wurin. Waɗanda dandalin ne kaɗai ke haɗa su da masu saye, sai da suka koma neman mutane ɗaya bayan ɗaya.

Ga mai son ya gani da idonsa, eHow yana nan har yau, Wirecutter ma yana nan. Ku buɗe maƙala ɗaya a kowanne a kan abu guda, ko da tukunyar girki ce, ku duba wa ya rubuta, yaushe aka gyara ta, da abin da marubucin ya ce ya taɓa da hannunsa. Wanda ya gwada ya zo mana da abin da ya gani, mu tattauna kafin mako mai zuwa in Allah ya kai mu.